Gem ɗin harbi da gem ɗin tsara yaƙi, wanne ya fi cin ƙwarewa? Tambayoyi da amsoshi

Musun nan dai ya ƙi ƙarewa tsakanin 'yan gem ɗinmu na Katsina, masu Call of Duty a waya suna cewa su ne masu hannu, 'yan tsirarun da ke buga Age of Empires a laftof suna cewa su ne masu kai. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa amma rabi rabi. Ga tambayoyin da ƙannena da abokai suka fi jefo mani, da amsar da nake ba su.

Yaya wai mene ne ma FPS, mene ne RTS?

FPS, wato gem ɗin harbi, shi ne wanda kake kallon fili ta idon sojanka, ba abin da kake gani a jikinka sai hannu da bindiga. Doom na 1993 ne ya yaɗa salon, sai Counter-Strike da ya fito a 1999 a matsayin gyaran da wasu masu sha'awa suka yi wa wani gem mai suna Half-Life, sannan irin su Valorant na 2020 da Call of Duty Mobile na 2019 da ya cika wayoyin yara. Free Fire da PUBG 'yan uwansu ne amma yawanci bayan mutum kake kallo.

RTS kuwa, wato gem ɗin tsara yaƙi, daga sama kake leƙo fili, kana da ma'aikata masu tara dukiya, ka gina gari, ka haɗa runduna ka je ka rushe na abokin karawa. Kuma ba bi da bi ake yi ba irin dara ko ludo, kowa na aikinsa lokaci guda, in ka tsaya tunani shi bai tsaya ba. Dune II na 1992, Age of Empires na 1997, StarCraft na 1998, su ne iyayen gidan.

To ai harbi saurin hannu ne kawai ko?

A nan mutane suka fi ɓata. Ɗan Adam in ya ga abu kafin yatsa ya motsa yana ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na sakan, gwanaye sun ɗan fi haka sauri amma tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne inda ya ajiye saitin bindigarsa tun kafin abokin gaba ya leƙo. Ka lura da ɗan koyo, yana tafiya bakin bindiga na kallon ƙasa, in mutum ya ɓullo sai ya ɗago ya nemo shi ya saita sannan ya harba, aiki uku ke nan, shi kuwa gwani saitinsa na nan daidai tsayin kai a kusurwar da ya san za a fito, danna ɗaya ya rage masa. A Counter-Strike harsashin AK-47 ɗaya a kai ya gama da kai ko da kana sanye da hular kwano, kuma in ka harba kana cikin gudu harsashi watsewa yake, dole ka tsaya cak tukuna, in kuma ka riƙe kunama bindigar na haurawa sama sai ka riƙa jan linzami ƙasa kana danne ta. Kowace bindiga da irin haurawarta kuma haddacewa ake yi.

Sannan ga kunne, wallahi rabin gem ɗin a kunne yake, takun sawu, ƙarar canza harsashi, wanda ke bugawa ba iyafis ya riga ya ba da kansa sadaka. Ga kuma lissafin kuɗi da mutane ba su san akwai ba. A Counter-Strike mutum biyar biyar ne, kowa na farawa da dala 800 na cikin gem, AK na cin 2700, bindigar maharba AWP 4750, wanda ya fara cin zagaye 13 shi ya yi nasara. To wani zagayen dole tim ta haƙura ta shiga da ƙaramar bindiga don ta tara na gaba, in mutum ɗaya ya yi gaban kansa ya saye ya jawo wa kowa. In an dasa bam sakan 40 ne, a ciki za ka yanke shawarar ka koma ka kwance ko ka tsira da bindigarka. Wannan duk hannu ne?

Shi RTS ɗin fa, ba zama ake a yi tunani ba?

Ina! Abin da zai ba ka mamaki hannun ɗan RTS ya fi na ɗan harbi wahala. Akwai ma'aunin da suke kira APM, wato dannawa nawa ka yi a minti ɗaya, ƙwararrun StarCraft suna kai 300 har su wuce, kusan biyar a kowane sakan, kuma ba na minti ɗaya ba, har wasa ya ƙare. A tsohon StarCraft ɗin soja 12 kawai kake iya zaɓa a lokaci guda, ka ga in rundunarka ta yi yawa sai ka rarraba ta a lambobin kibod kana tsalle daga wannan zuwa wancan. A Koriya ta Kudu abin ya zama sana'a har tashoshin talabijin suka riƙa nuna gasar, kuma sai a 2018 wani ɗan Finlan da ake kira Serral ya zama na farko da ba ɗan Koriya ba da ya ci babbar gasar duniya ta StarCraft II.

Bari in kawo shi kusa da Age of Empires II tunda shi aka fi sani a nan. Yawancin ƙabilu kana farawa da ƙauyawa uku, wato ma'aikatanka, da ɗan leƙen asiri a kan doki. Kowane baƙauye sabo na cin abinci 50 kuma sakan 25 yake ɗauka ya fito, doka ta farko kada babban gidan da ƙauyawa ke fitowa daga ciki ya zauna ba ya fitar da mutum. Kana cikin haka gida ya cika dole ka sa a gina wani, kowane gida mutum biyar yake ƙara maka, ga tumaki sai an kora su gida, ga dokin can yana yawo cikin duhun taswira kana son sanin ina maƙiyi yake da abin da yake ginawa, ga abinci 500 da kake tarawa don ka haura zamani na biyu. Kamar mai shayi ne da safe a bakin tasha, ƙwai na kan wuta, indomi na tafasa, wannan na neman canji wancan na cewa a ƙara madara, in ya tsaya kallon ɗaya sauran sun ƙone.

To a gaskiya bambancin ba hannu da kai ba ne. Ɗan harbi yana tattara hankalinsa kaf wuri guda, ɗan RTS yana yayyanka nasa gida biyar ko shida yana zagayawa.

Wanne ya fi wuyar koyo?

RTS, ba ko tantama. Ka miƙa wa yaro Call of Duty cikin minti biyar ya gane, ga mutum harbe shi. RTS sai ka yi makonni kana shan duka ba ka ma san me ya kashe ka ba.

Me ya sa ba za ka sani ba?

Saboda kuskuren FPS nan take yake biyanka, ka leƙa inda bai kamata ba an kwantar da kai, zagaye na gaba ka dawo sabo fil. Na RTS ɓoyewa yake. Ka manta da fitar da ƙauyawa na minti ɗaya tun farko, ba abin da ya faru, kana jin daɗinka, sai can wajen minti goma sha biyar ka ga dawaki sun cika maka gari ninkin naka, ka ce ai wannan maguɗi yake, alhali gibin nan ne ya yi ta haihuwa. Shi ya sa 'yan RTS ke komawa su kalli wasan da suka buga daga farko. Kuma yawanci ɗaya da ɗaya ake karawa, ba abokin da za ka ɗora wa laifi, ni a ganina wannan ma na cikin abin da ke korar mutane, don mu 'yan harbi mun iya cewa tim ce ba ta da kyau.

Netwok ɗinmu da wutarmu fa?

Nan ɗan FPS ya fi shan wuya. Sabobin wasu manyan gem ɗin nan, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, ba a kusa da mu suke ba, saƙonka sai ya je nesa ya dawo, in jinkirin ya haura milisakan 100 kana karawa da wanda nasa 20 ne to ya gan ka kafin ka gan shi, a sikirin ɗinka ka riga ka shige bayan bango amma ka faɗi. Sikirin mai sabunta hoto sau 60 a sakan ma ba ɗaya yake da mai 240 ba. RTS ya fi haƙuri da ɗan jinkiri, matsalarsa tsawo, wasa ɗaya na iya cin rabin awa ko fiye, a ɗauke wuta batirin laftof ya mutu shi ke nan an rubuta maka faɗuwa. Kuma bai zauna da kyau a waya ba don yana son kibod, Clash Royale na 2016 ɗanɗano ne kawai. Dalilin ke nan in ka zaga majalisun Ƙofar Ƙaura ko wajen ɗaliban jami'a za ka ga ana ta harbi da yatsu huɗu a kan gilashi amma da ƙyar ka samu mai gina gari.

In na iya ɗaya zai taimake ni a ɗayan?

Kaɗan. Karanta ƙaramar taswira da hasashen abin da abokin karawa zai yi suna bin ka duk inda ka je, amma saitin harbi ba ya tsinana maka komai a RTS, saurin kibod ɗin RTS ma ba zai sa ka iya harbin mutum a kai ba. Ƙanina in kana son gwadawa ka fara da Age of Empires II kana karawa da kwamfuta a mataki mai sauƙi, akwai ma ƙabilar Mali da aka ƙara a 2015 da labarin Sunjata a ciki, ka sa wa kanka buri ɗaya tak, minti goman farko kada babban gidanka ya tsaya da fitar da ƙauyawa, sojoji ma bar su sai daga baya.