Waiwaye: Yadda Alice Cooper ya shiga kasuwar yaran gidansa

A ƙarshen 1983 kusan kowa a harkar waƙa a Amurka ya fitar da rai da Alice Cooper. Yana kwance a asibiti, giya ta cinye masa hanta, matarsa Sheryl ta nemi a raba aure, kamfanin Warner Bros. da suka yi fiye da shekara goma tare kuma suka raba gari bayan faifan DaDa. Shekara shida bayan nan, sai ga waƙarsa "Poison" ta kai ta bakwai a jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka, ta kai ta biyu a Birtaniya. Har yau masoyansa ba su daina musu a kan abin da ya faru a tsakani ba: wasu na cewa ya ceci kansa, wasu na cewa ya sayar da kansa.

Sunansa na yanka Vincent Furnier. An haife shi a Detroit a 1948, ɗan mai wa'azin coci ne, ya tashi a Phoenix da ke jihar Arizona. Alice Cooper da farko sunan ƙungiyarsu ne su biyar, daga baya ya mayar da shi nasa a gaban kotu. Abin da ya fito da su shi ne salon da ake kira shock rock, wato kiɗan rock haɗe da wasan ban tsoro a kan dandamali: ƙaton maciji a wuya, jinin ƙarya, igiyar rataya, kujerar lantarki, da injin fille kai da ake nuna an datse wuyan mawaƙin da shi a ƙarshen wasa. A Toronto a 1969 ya jefa kaza cikin 'yan kallo yana zaton za ta tashi, suka yi kaca-kaca da ita, jaridu suka ce shi ya cije mata kai. Labarin ƙarya ne, amma ya yi masa talla. Da furodusa Bob Ezrin ya kama hannunsu sai ga "I'm Eighteen", sai "School's Out" a 1972, sai faifan Billion Dollar Babies da ya zama na ɗaya a Amurka da Birtaniya a 1973. A shekarar ce ɗan majalisar Birtaniya Leo Abse ya nemi a hana su shiga ƙasar.

Masu cewa ya sayar da kansa a 1989 sukan manta da wani abu. Tun da ya ware shi kaɗai a 1975, waƙoƙinsa da suka fi ciniki masu sanyi ne: "Only Women Bleed", "I Never Cry", "You and Me". Mutumin da iyaye ke tsoro ya koma fitowa a shirye-shiryen barkwanci na talabijin, har da na 'yan tsanan Muppet a 1978. Dama can ɗan kasuwa ne mai kunne. Abin da ya karya shi daga 1980 zuwa 1983 shi ne shaye-shaye, da bin salon new wave, sabon yayin kiɗan lokacin, da bai karɓe shi ba. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa akwai faifai uku na wannan lokaci da ko tuna ɗaukarsu ba ya yi.

Yana can yana jinya, yana koyon wasan golf don ya cike gurbin kwalba, duniyar rock ta juya. Tashar MTV da aka buɗe a 1981 ta mayar da waƙa abin kallo. A unguwar Sunset Strip da ke Los Angeles aka samu samari masu tulin gashi da kwalli da matsattsun kayan fata, kiɗansu na da nauyi amma amshinsu na shiga kai nan take. Shi ne glam metal. A Nuwamba 1983 faifan Metal Health na Quiet Riot ya hau na ɗaya a Billboard, kamfanoni suka yi ca. To amma kwallin Mötley Crüe, da ɗanyen naman da Blackie Lawless na W.A.S.P. ke jifan 'yan kallo da shi, da shigar Dee Snider na Twisted Sister, duk akwai hannun Alice Cooper a ciki, kuma yaran ba su ɓoye ba. Snider ma ya gayyace shi suka yi waƙa tare a 1985. Kayansa ake sayarwa a kasuwa, shi kuwa ko rumfa ba shi da ita.

Komawarsa mataki biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne zamaninsa da kamfanin MCA. Faifan Constrictor ya fito a 1986, furodusansa Beau Hill, wanda ya yi wa Ratt aiki. Ya ɗauko Kane Roberts, wani murɗaɗɗen makaɗin jita mai ɗaga ƙarfe, wanda jitarsa siffar bindiga ce da ita, da Kip Winger wanda daga baya ya kafa ƙungiyarsa. Ƙarar kiɗan ta zamani ce, amma jinin na da ne, har ma ya ƙaru, domin lokacin finafinan yankan mutane ne. Waƙar "He's Back" ma don fim na shida na jerin Friday the 13th aka yi ta. Faifan ya tsaya a na 59. Raise Your Fist and Yell na 1987 ya fi shi nauyi da zafi, har da waƙar "Freedom" da ta mayar da martani ga ƙungiyar PMRC ta su Tipper Gore masu neman a sa wa faifai tambarin gargaɗi. Wannan ya tsaya a na 73.

Inda ya ci riba shi ne dandamali. MTV ta nuna wasansa na daren Halloween na 1986 daga Detroit kai tsaye, matasan da ba su san shi ba sai a bakin yayyensu suka ga ainihin abin. Kuma ya zagaya ƙasa yana wasa ba da giya a cikinsa ba. A 1988 ɗan majalisar Birtaniya David Blunkett ya nemi a hana wasansa, kamar dai yadda Abse ya yi. Ga mai sana'ar firgita jama'a, wannan ai lambar yabo ce.

Mataki na biyu shi ne sauyin gaske. Ya koma kamfanin Epic, ya nemi Desmond Child, mutumin da ke da hannu a "Livin' on a Prayer" ta Bon Jovi da farfaɗowar Aerosmith. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A faifan Trash na 1989 aka ajiye gawarwaki da mahaukata, aka koma zancen sha'awa da soyayya mai ciwo, aka goge sautin ya yi sheƙi don gidajen rediyo. Jon Bon Jovi, Richie Sambora, Steven Tyler da Joe Perry duk sun shigo, Joan Jett da Diane Warren suka sa hannu a rubutu. Faifan ya kai na 20 a Amurka, na biyu a Birtaniya, ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Kafin "Poison", rabon da waƙarsa ta shiga goman farko a Amurka tun 1977.

A ganina masu sukar suna da rabin gaskiya. In ka cire muryarsa, yawancin Trash zai iya zama faifan kowace ƙungiya mai tulin gashi a shekarar, kuma barkwancin nan mai cizo da ya bambanta shi da masu kwaikwayonsa ya yi ƙaranci. Sai dai "Poison" ta tsira, saboda kaushin muryar ɗan shekara 41 ya sa mata wata barazana da samarin ba su da ita. Su suna rera ta da sai ta zama kirarin neman budurwa. A bakinsa kamar gargaɗi ce.

Hey Stoopid na 1991 ya so ya haɗa biyun, sheƙin da duhun, kuma akwai masu ganin ya fi Trash kyau. Slash, Ozzy Osbourne, Joe Satriani, Steve Vai da Nikki Sixx suna ciki. Ya yi na huɗu a Birtaniya, amma a Amurka na 47 ya tsaya. Kusan wata uku bayan fitowarsa Nirvana ta saki Nevermind, kasuwar glam metal ta fara watsewa, kamfanoni suka shiga sallamar ƙungiyoyin da jiya-jiya suke rububi.

Guguwar ta kwashe su Winger da Warrant, shi kuwa ta bar shi tsaye, domin yana da tsofaffin waƙoƙi da wasan dandamali da ba su dogara da yayi ba. Fitowarsa a fim ɗin Wayne's World a 1992 ta ƙara masa farin jini wajen matasa. A 1994 ya fitar da The Last Temptation, labarin yaro da mai yaudara wanda ke nuna komawarsa addinin gidansu, tare da littafin zane da Neil Gaiman ya rubuta, Chris Cornell na Soundgarden kuma ya taya shi rubuta waƙa da rerawa. Daga nan sai da aka yi shekara shida kafin ya sake fitar da sabon faifai, Brutal Planet, wanda nauyinsa ya yi nesa da Sunset Strip.