Waiwaye: Yadda Minista Ya Bar Zauren Majalisa

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi, muhawara ɗaya ce ke dawowa a Zariya, daga majalisun hira na Tudun Wada zuwa teburan mai shayi na Samaru: wai wakilan da muka zaɓa sun zama 'yan amshin shata, ba sa iya titsiye gwamnati kan manufofinta. Ƙorafin yana da tushe, amma tushen ya girmi yawancin masu yin sa.

Majalisar Arewa ta fara zama a Kaduna a 1947, kuma a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da ya nuna cewa wakili zai iya taɓa batun da ake jin nauyin taɓawa. Juyin mulkin 1966 ya rufe majalisun. A zamanin soja ma'aikatu da kotuna sun ci gaba da aiki, majalisa ce kaɗai ake sa wa kwaɗo.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin 1979. A Jamhuriya ta Farko, tsarin Ingila ake bi, inda minista ɗan majalisa ne, yana zaune a zauren tare da sauran wakilai, kuma wakilin da ya fito daga ƙasar Zazzau zai iya miƙewa a gaban kowa ya tambaye shi dalilin da ya sa aikin asibiti ya tsaya, da Hausa ko da Turanci, amsar kuma ta shiga kundin zaman majalisa. Da kwamitin tsara kundin mulki na 1975 zuwa 1976 ya zaɓi tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, sai aka raba minista da majalisa. Hujjar da aka bayar mai nauyi ce, domin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana son shugaban da kowane ɓangare ya zaɓa. Sai dai ministan ya fita daga zauren, kuma har yau sashe na 147 na kundin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya karɓi kujerar minista ya bar kujerarsa ta majalisa ke nan.

Ikon bin diddigi bai ɓace ba. Sashe na 88 da na 89 sun ba Majalisar Tarayya damar yin bincike da kiran shaidu, na 128 da na 129 kuma sun ba majalisun jihohi irin wannan damar. Amma tambayar ta tashi daga fili ta koma ɗakin kwamiti, sai an aika takardar gayyata, an sa rana, an jira rahoto. Aiki ne da ke buƙatar ƙwararrun akawu da masu iya karanta rahoton babban mai binciken kuɗi, kuma tsarin na 1979 shekara huɗu da wata uku kawai ya yi aka sake rufe majalisun a ƙarshen 1983, kafin irin waɗannan ma'aikata su goge.

A ganina, nan ne talaka ya daina ganin wakilinsa yana wannan aikin. Abin da ido ke gani bayan 1999 shi ne ayyukan mazaɓu, wato rijiyar burtsatse da taransifoma da kekunan ɗinki, kuma da su ake auna wakili ranar zaɓe. Wanda ya kwana yana tantance alƙaluman kasafin ilimi a kwamiti ba shi da allon da zai kafa a bakin titin Kofar Doka ya rubuta sunansa.