Jif ba sulke ba ce

Akwai maganganu biyu da na saba ji a sashen agajin gaggawa, inda na shafe shekaru ina aikin jinya a wani asibiti da ke bakin babbar hanya. Idan aka kawo waɗanda suka yi haɗari a ƙaramar mota, sai wani cikin 'yan uwa ya ce, "Da a jif suke, da abin bai kai haka ba." Idan kuwa daga jif aka ciro su, sai ka ga an yi cirko-cirko ana tambaya, "To yaya aka yi? Ai babbar mota ce." Masu maganar biyu abu ɗaya suka yarda da shi, wato wanda ya shiga jif ya shiga sulke. Maganar hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa.

Na ci ɗin shi ne nauyi. Prado ta haura tan 2, Corolla kuwa ba ta kai tan 1 da rabi ba. Idan suka yi taho-mu-gama, mai nauyin ce ke tura mai sauƙin baya, kuma jikin mutanen da ke cikin ƙaramar shi ke shan mafi yawan girgizar. Ga kuma tsawo. Bambar jif takan haye saman ƙarfen da aka yi don ya tare duka a ƙaramar mota, idan kuma ta gefe ta zo sai ta sauka daidai ƙirji da kan wanda ke zaune jikin ƙofa. Saboda haka wanda ya ce ya fi samun kariya a jif idan mota biyu suka haɗu, bai yi ƙarya ba. Sai dai ya sani cewa wani ɓangare na wannan kariyar daga jikin na cikin ɗaya motar aka cire shi.

Amma ba kowane haɗari ne karo ba. Da yawa cikin waɗanda na ga an ciro daga jif, ba su haɗu da kowa ba. Motar ce ta yi adungure da su ita kaɗai.

Ka ajiye kwano mai faɗin gindi da doguwar kwalba a kan faranti, ka karkata farantin, ka ga wanda zai fara faɗuwa. Jif doguwar kwalba ce, nauyinta yana sama, nesa da ƙasa. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Direba yana tafe a gudun kilomita 130 ko 140 a awa, don motar ba ta jijjiga kuma ba ta ƙara, shi ji yake kamar 80 yake yi. Sai akuya ta gitta, ko rami ya bayyana, ko mai tirela ya matso. Ya kauce, taya biyu su sauka daga kwalta su faɗa yashi. Tsoro ya sa ya fizgo sitiyari da ƙarfi don ya dawo titi, tayar ta harɗe da bakin kwalta, motar ta kifa. Ƙaramar mota a irin wannan hali sau da yawa sulɓewa take yi ta juya a kan ƙafafunta, jif kuwa mirginawa take yi. A Amurka, inda ake ƙididdige waɗannan abubuwa, kifewar mota ƙalilan ce cikin jimillar haɗurra, amma tana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayukan da ake rasawa a cikin motocin hawa.

Idan tayarka ta sauka daga kwalta, ɗan uwa, kada ka fizgi sitiyari, kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗaga ƙafarka daga totur, ka riƙe sitiyari sosai, ka bar motar ta tafi a miƙe a gefen har gudunta ya ragu, sannan ka dawo a hankali. Duk mai direba ya zaunar da shi ya gaya masa wannan.

Masu ƙera motoci sun san wannan rauni, shi ya sa aka ƙirƙiro wata na'ura da ake kira ESC. Tana lura da lokacin da mota ta fara sulɓewa, sai ta kama birkin taya ɗaya ita da kanta don ta daidaita ta, kafin ma direba ya ankara. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana rage haɗurran da jif ke yi ita kaɗai da kashi 59 cikin 100, kuma tun daga motocin 2012 aka wajabta ta a can. A Tarayyar Turai ma ta zama dole ga kowace sabuwar mota a 2014. Mu kuwa mafi yawan jif ɗin da ke hanyoyinmu 'yan kwatano ne, wasu sun girmi wannan doka. A motocin Toyota sunanta VSC, a Honda VSA, alamarta kuma fitila ce a gaban direba, mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Idan ka kunna mota, ya kamata fitilar ta kama ta mutu. In ta tsaya a kunne, na'urar ba ta aiki. Haka fitilar jakar iska, wato jakar nan da ke kumburowa ta tare mutum lokacin karo. Akwai masu gyaran da kan cire ƙwan fitilar don kada ta dami mai mota, akwai kuma motocin da suka yi haɗari a waje aka gyara jikinsu aka sayar, alhali jakar iskar da ta fashe ba a mayar da wata ba. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a jona mata kwamfuta a gabanka. Ni a ganina ƙaramar mota ta kusa-kusa mai ESC da jakar iska lafiyayyiya ta fi tsohuwar jif da ba ta da ko ɗaya, ko da kuwa jif ɗin ta fi cika ido a ƙofar gida.

Sai taya, wadda ita ce bangon da kan tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 daga kasuwa, yawancinsu a jikin jif ɗin Ford Explorer, bayan an gano fatar tayar tana ɓarewa ana cikin gudu, motar ta kifa. An danganta mutuwar fiye da mutum 200 da wannan matsala a Amurka, kuma ta fi tsanani a wurare masu zafi, har da Saudiyya da Venezuela. Yanzu ka tuna zafin kwaltar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu, ka tuna tayar kwatano da ta gama aikinta a wata ƙasa kafin ta iso mu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta yana nan raɗau. Iskar da ta dace kuma tana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar iskar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ka sa mai faci ya auna da ma'auni da safe kafin tayar ta yi zafi, kada ya ƙwanƙwasa da hannu ya ce ta yi.

Lokacin tafiya Sallah ne nakan fi jin fargaba. A ɗora buhun masara da akwatuna a rufin mota, a jera yara a but inda babu kujera balle bel. Duk abin da ka ɗora a sama ƙara wa kwalbar nan tsawo ka yi. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa ne, a ɗaure.

Bel kuwa, a nan ne zuciyata ta fi ƙuna, domin shi ne mafi arha kuma shi aka fi rainawa. Idan mota tana mirginawa, wanda bai ɗaura ba yakan bugu da rufi da ƙofa, ko gilashi ya fashe ya fita, wani lokaci motar ta danne shi. Sau nawa na ga direba ya shigo da ƙafarsa da 'yar ƙujewa a goshi, saboda ya ɗaura don tsoron jami'ai, maigidan da ke gidan baya kuwa an shigo da shi a shimfiɗe, wuya ya karye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa har zuwa rabi. Alhaji, gugar babbar riga za a sake ta. Hajiya, jaririn da kika rungume a cinya ba za ki iya riƙe shi ba idan mota ta tsaya farat ɗaya, komai ƙarfin hannunki, sai kujerar yara da aka ɗaure da bel. Yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya ne, don jakar iskar gaba da ƙarfin da za ta tare babba take fashewa. Na baya da bai ɗaura ba kuma, jikinsa ne zai daki na gaba.

Har yanzu maganar na cikin mota muke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A wurinmu wannan na nufin ɗan acaba, da mai talla, da almajiri, da 'yan makaranta, da tsohon da ke tsallaka titi zuwa masallaci. Ƙaramar mota takan bugi mutum babba a ƙwauri ta ɗaga shi ya faɗa kan bonet. Karaya ce, mukan ɗora, sau da yawa ya tashi. Jif kuwa a ƙugu da ciki da ƙirji take duka, inda hanta da saifa da huhu suke, sannan ta kayar da mutum gaba ta bi ta kansa. Yaro kuma kansa ne daidai bonet ɗin. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da bincike a 2023 cewa motocin da tsawon gabansu ya wuce mita 1 sun fi gajeru masu gangaren bonet kashe wanda suka buge da kusan kashi 45 cikin 100. Ƙarfen nan da ake walda wa a gaban jif don ado ko don tsoron shanu ƙara muni yake yi, domin ba ya lotsawa, jikin mutum ne ke lotsawa a madadinsa. A cire shi.

Dokar hanya a Najeriya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tsakanin 50 da 65 kamar babu wani bambanci a ƙafar direba, amma haɗarin mutuwar wanda aka buge yana ninkuwa fiye da sau huɗu. A bakin kasuwa da ƙofar makaranta da masallacin Juma'a, 30 ta isa, musamman ga mai doguwar mota.

Wanda ya fi tsaya min a rai ma ba a titi ya faru ba. Yaro ne da bai fi shekara biyu ba, mahaifinsa ya shigo da shi a kafaɗa, ko takalmi babu a ƙafarsa. Ya fito zai tafi aiki, yaron ya biyo shi yana tatata ba wanda ya gani, ya tsaya a bayan mota. Uban ya duba madubi, bai ga komai ba, domin daga kujerar jif ba a ganin ɗan ƙaramin yaro da ke dab da baya, ko dab da gaba. Mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah bai yi ba. Tun ranar, duk mai jif da na sani nakan roƙe shi ya zagaya motarsa da ƙafa kafin ya shiga, ya tabbatar yara suna hannun wani babba, ya sauke gilashi don ya ji ihu, sannan ya ja da baya a hankali. Kyamarar baya tana taimakawa, amma ƙura kan rufe ta, kuma ba ta ganin wanda ya ɓullo ta gefe.

Idan Allah ya sa mota ta kifa a gabanku, ku kira 122, lambar FRSC ce kuma kyauta ce. Ku kashe injin, ku sa alama nesa don kada wata motar ta afko. In ba wuta ce ta tashi ba, kada a finciko mutum ta taga. Wani ya riƙe kansa da wuyansa a miƙe da hannu biyu, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi ruwa. In ya zama dole ku ɗauke shi da kanku, ku nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi lokaci ɗaya ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, a kwantar da shi a motar da zai miƙe sosai a ciki har asibiti.