Maleƙin Na'urar Hangen Taurari

Maleƙi shi ne ɗan guntun bututu mai ɗauke da gilasai wanda ake zurawa a na'urar hangen taurari, mai kallo ya kafa ido a kansa. Babban madubin na'ura ne ke tattaro haske, maleƙi kuma ya buɗe hoton ya isar da shi ga ido. Ana cire shi a sa wani, kuma ta haka ake ƙara girman abin da ake kallo ko a rage.

Lissafin ninki

A jikin kowane maleƙi akwai lamba ta milimita, kamar 32, 25 ko 10, wadda ke nuna tazarar da yake tattara haske. Ita ma na'urar tana da tata. Idan aka raba ta na'ura da ta maleƙi, abin da ya fito shi ne ninkin girma. Na'ura mai tazarar milimita 650 za ta ba da ninki 26 da maleƙin 25, ninki 65 da na 10, ninki 130 da na 5. Ke nan ƙaramar lamba ce ke kawo babban ninki, abin da ke yawan rikita sababbin shiga.

Ninki yana da iyaka: kusan biyu a kan kowace milimita ta faɗin bakin na'ura. Mai baki 130 ba ta wuce 260, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Ƙaramar na'ura mai baki 60 da aka rubuta ninki 500 a kwalinta, talla ce kawai, hoton zai dusashe ya yi ta rawa.

Ire-irensa

Mafi tsufa cikin masu gilashi fiye da ɗaya shi ne ƙirar Christiaan Huygens na ƙasar Holan, tun ƙarni na 17, mai gilasai biyu. Har yau ana haɗa shi da na'urori masu araha, da harafin H a jikinsa, kuma filin da ido ke gani ta cikinsa matsattse ne. Carl Kellner na Jamus ya fito da mai gilasai uku a 1849. Wanda ya fi karɓuwa shi ne ƙirar Simon Plössl na Austriya ta 1860: gilasai huɗu, fili mai faɗin digiri 50, hoto garau, farashi daidai aljihu. Akwai kuma masu faffaɗan fili irin Nagler na kamfanin Tele Vue a Amurka, mai digiri 82, wanda ɗaya kan fi ƙaramar na'ura tsada.

Kafin saye a duba kaurin gindinsa. Yawancin na'urori inci 1.25 suke karɓa, manya kuma har inci 2. Tsohon ma'aunin inci 0.965 ya kusa ɓacewa.

Jin daɗin ido

Nan ne mutane suka fi sakaci, alhali shi ke sa a daɗe ana kallo ko a gaji a ajiye. Kowane maleƙi yana da tazarar da ido zai tsaya ya ga fili duka. A Plössl tazarar tana raguwa tare da lambarsa, har na milimita 6 sai gashin ido ya riƙa shafar gilashi. Mai sa tabarau yana bukatar milimita 15 zuwa 20. Mafita mai sauƙi ita ce gilashin Barlow, wanda ake sawa kafin maleƙi ya ruɓanya ninki: na 20 ya yi aikin na 10, ido bai matsu ba.

Haka nan ƙwayar idon matashi tana buɗewa kusan milimita 7 a duhu, ta dattijo kusan 5. Maleƙi mai lamba babba ƙwarai yana fitar da haske fiye da buɗewar ido, ragowar ta tafi a banza.

Abin da ya dace da Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kusa da digiri 10 arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, don haka wata da duniyoyi irin Mushtari da Zuhal kan bi ta saman kai, inda iskar da haske ke ratsawa ba ta da kauri. Wannan babbar ni'ima ce ga mai son babban ninki. Sai dai damina tana rufe sama da gajimare, hunturu kuma ya kawo hazo. Hazo ya fi cutar da abubuwa masu raunin haske. Wata da Mushtari suna jure shi.

Maleƙai uku sun wadatar. Na 32 ko 25 don faɗin fili: da shi ake laluben abu, da shi Kaza da 'Ya'yanta ke shiga ido ɗungurungum, kuma shi ya fi dacewa da neman jinjirin wata a yamma, bayan rana ta faɗi sarai, domin kallon rana ta na'ura yana makantarwa nan take. Na 10 zuwa 12 don ramukan wata da watanni huɗu na Mushtari. Na 5 ko 6, ko Barlow, don zoben Zuhal a dare mai kyau.

Ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka goge shi da bakin riga. A fara hure ta da ɗan famfon iska na masu kyamara, sannan a shafa da kyallen tabarau mai laushi. A rufe maleƙi da murfinsa da zarar an cire shi, a damina kuma a ajiye shi a busasshen wuri don kada danshi ya sa gilashin ya yi fumfuna.