Mene ne lag a wasan gem, kuma me ke kawo shi?

Ka danna harbi, bindiga ba ta tashi ba sai da aka riga aka kashe ka. Ka tura ƙwallo ga abokin wasanka, ya tsaya cak, can kuma ka gan shi ya ɓulla a wani wuri. Abin da 'yan gem ke cewa a irin wannan lokaci shi ne "lag ne". Lag shi ne jinkirin da ke shiga tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da abin ya faru a allo. Sai dai matsaloli uku ne mabambanta ake kira da wannan suna guda, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa sauran aiki. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi ya sa intanet mai sauri, gem ɗinsa kuma ya ci gaba da sarƙewa.

Wanda aka fi sani shi ne na hanyar sadarwa. A yawancin wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet, alƙalin wasan wata babbar kwamfuta ce da ake kira saba. Duk abin da ka danna sai ya je wurinta, ta yanke hukunci, sannan amsa ta dawo maka. Tsawon lokacin zuwa da dawowar nan shi ne fing, lambar nan da kake gani a kusurwar allo da "ms" a gabanta, wato milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Sunan ya fito ne daga wata ƙaramar manhajar gwajin layi da Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983. A wasan harbi, fing ƙasa da 50 yana da daɗi, 50 zuwa 100 ana iya bugawa, idan kuwa ya haura 150 za ka fara shan kashi a hannun wanda ka fi iyawa.

Akwai ɓangaren fing da babu mai iya rage shi, wato nisa. Saƙonnin intanet suna tafiya ne a matsayin haske a cikin wayar faiba, hasken kuwa yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan a cikinta. Ke nan kowace kilomita 1,000 tsakaninka da saba tana ƙara aƙalla milisakan 10, zuwa da dawowa. Idan sabar tana nisan kilomita 5,000, ka riga ka biya 50 tun kafin a lissafa kewaye-kewayen layin da tashoshin da saƙon zai ratsa. Tsohon samfurin intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ke can sama da kilomita 35,786, fing ɗinsa yakan kai wajen 600, don haka bai dace da wasan sauri ba ko kaɗan.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Saurin intanet da ake tallatawa, megabit kaza a sakan, yawan kayan da layin ke iya ɗauka ne. Ka ɗauke shi kamar faɗin titi: titi mai hannu takwas zai ɗauki motoci da yawa, amma bai rage nisan garin da za ka ba. Gem kuwa kayansa ba su da nauyi. Yawancin wasanni ba sa cin ko megabit ɗaya a sakan lokacin da ake bugawa. Abin da suke buƙata shi ne ƙananan saƙonninsu su riƙa isa a kan lokaci, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya ɓace ba.

A ganina, fing mai tsalle ya fi fing mai yawa illa. Wanda fing ɗinsa ya tsaya a 90 bai motsa ba, hannunsa zai saba, ya riƙa danna abu da ɗan wuri. Wanda nasa ke tashi daga 30 zuwa 200 ya sake faɗowa, babu abin da zai saba da shi. Ɓacewar saƙo ta fi wannan ma muni. Wasannin sauri ba sa tsayawa jiran saƙon da ya salwanta a hanya, domin kafin a sake aiko shi labarinsa ya tsufa. Ɓacewar kashi 1 ko 2 cikin 100 ta isa ka ji ta a hannunka.

Me ya sa kake ganin ka yi gaba, sai kuma a fizgo ka baya? Na'urarka ba ta jiran izinin saba kafin ta nuna maka motsinka. Da ka danna, sai ta yi hasashen cewa saba za ta amince, ta matsar da kai nan take. Wannan dabara ta shahara ne da wasan QuakeWorld na kamfanin id Software a 1996, zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho. Idan saƙonninka sun ɓace ko sun makara, saba ba ta san ka matsa ba, sai ta mayar da kai inda ta san kake. Haka ma batun harbin da ke samunka bayan ka shige bayan bango. Sabar wasanni da yawa tana komawa baya kaɗan ta duba abin da mai harbin ya gani a allonsa lokacin da ya danna. Idan a wurinsa kana fili, harbin ya shiga. Ba maguɗi ba ne, ƙoƙarin yi wa mutane biyu masu nisa daban adalci ne, ko da yake wanda aka kashe ba zai taɓa jin daɗinsa ba.

Lag na biyu ba ruwansa da intanet. Na'urarka ce ta gaji. Motsin da kake gani hotuna ne ke wucewa a jere, kowanne ana ce masa firem. Firem 60 a sakan yana nufin sabon hoto duk bayan milisakan 16.7, firem 30 kuma duk bayan 33. Idan na'ura ta kasa zana su a kan lokaci, hoton sai ya riƙa kakkatsewa, musamman inda aka yi cunkoso ko fashewa da hayaƙi. A waya, babban mai laifi zafi ne. Da zarar ta ɗau zafi, da kanta take rage ƙarfin aikinta don kada ta lalace. Alamarsa a bayyane take: wasa ya fara sumul, bayan minti 15 ko 20 ya soma nauyi. Bugawa a kan caji yana ƙara zafin, haka ma rigar waya mai kauri.

Na uku shi ne jinkirin allo da kayan dannawa, kuma shi aka fi mantawa da shi. Talabijin na zamani yana yi wa hoto gyare-gyare kafin ya nuna shi, aikin da kan ci milisakan da dama, wani lokaci har sama da 100. A cikin saitinsa akwai yanayin da aka ware don gem, kunna shi yana kashe gyare-gyaren. Abin saurare na Bluetooth shi ma yakan makarar da sauti, ka ji takun abokin gaba bayan ya riga ya iso.

Bambance su ba wuya. Buɗe wasan a inda ba ya buƙatar intanet, ko ka gwada wani makamancinsa. Idan yana kakkatsewa a can ma, na'ura ce: rage ingancin hoto da inuwa, rufe sauran manhajoji, cire caji, bar ta ta huce. Idan hoton sumul yake amma komai na zuwa a makare, duba talabijin da abin da kake dannawa. Idan kuwa sai ka shiga cikin mutane matsalar ke tasowa, layi ne.

A gyaran layi, fara da zaɓen sabar da ta fi kusa da kai, domin shi ne ya fi komai rage fing. Sannan ka haɗa kwamfuta ko na'urar gem da rauta, wato akwatin da ke rarraba intanet a gida, ta hanyar kebul idan da hali. In dole sai Wi-Fi, zangon 5 GHz ya fi 2.4 GHz ƙarancin cunkoso, amma ba ya ratsa bango sosai, sai ka matso kusa. Ka kuma duba abin da ke cin layin a ɓoye. Waya guda da ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet ta isa ta cika hanyar fita, saƙonnin gem ɗinka su shiga dogon layi a rauta, fing ya haura ɗaruruwa alhali gwajin sauri yana nuna komai lafiya.

Manhajojin da ke alƙawarin kashe lag kuwa, a yi hattara da su. Galibinsu suna karkatar da saƙonka ne ta wata saba tasu. Idan kamfanin da ke ba ka intanet yana bin doguwar hanya marar kyau, suna iya rage wani abu. Idan hanyar daidai take, sun ƙara maka zango ne kawai. Duba lambar fing kafin ka kunna, ka sake dubawa bayan ka kunna, a saba ɗaya kuma a lokaci ɗaya na yini, kafin ka biya ko sisi.