Zoben baiko na daimon

Zoben baiko na daimon zobe ne da namiji yake ba macen da ta amince za ta aure shi, a matsayin alamar alkawari kafin ɗaurin aure. Ana kuma ce masa zoben alkawari. Yawanci da zinariya ko filatinam ake ƙera shi, a ɗora masa dutsen daimon guda a kai, wani lokaci da ƙananan duwatsu a kewaye. Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, tsantsar sinadarin kabon ne da zafi da matsi suka dunƙule a zurfin kimanin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, kuma babu ma'adinin da ya kai shi tauri. Ba da zobe lokacin baiko tsohuwar al'ada ce a Turai, amma ɗora masa daimon bai zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 20, kuma talla ce ta yi mafi yawan wannan aiki.

Asali

Rumawan da sun san zoben baiko. Da farko na baƙin ƙarfe ne zalla, ba dutse, daga baya masu hali suka koma na zinariya. Marubutan zamanin sun kawo zancen cewa akwai wata jijiya da ta tashi daga yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa na hannun hagu ta zarce zuciya, wai shi ya sa ake sa zoben a nan. Masana jikin ɗan Adam sun daɗe da watsi da maganar, amma yatsan bai canza ba. A amsar da Paparoma Nicholas na Ɗaya ya aika wa mutanen Bulgeriya a 866, ya ambaci zobe a cikin abubuwan da ake yi wajen baiko a cocin Yamma.

Zoben baiko na daimon na farko da aka fi ambata shi ne wanda Maximilian, yariman Ostiriya, ya ba Mary ta Burgundi a 1477. Ana faɗin an jera duwatsun da siffar harafin M. Wasu masana tarihi suna ganin ba shi ne na farko ba, shi ne dai wanda labarinsa ya tsira a rubuce. A wancan lokaci kusan duk daimon ɗin duniya daga Indiya yake fitowa, musamman wuraren haƙar da ake dangantawa da Golkonda, don haka abin sarakuna ne da manyan attajirai. An gano shi a Brazil wajajen 1725, farashi ya ɗan sauko, amma bai kai hannun talaka ba.

Daga Kimberley zuwa kamfanin talla

Lamarin ya sauya ne a Afirka ta Kudu. A ƙarshen 1866 ko farkon 1867 aka tsinci dutsen da aka laƙaba wa suna Eureka a kusa da kogin Orange, zuwa 1871 kuwa dubban mahaƙa sun yi dafifi a wurin da ya zama garin Kimberley. Daimon ya yi yawa a kasuwa har masu jari suka fara tsoron darajarsa za ta zube. Cecil Rhodes, wani ɗan kasuwa ɗan Birtaniya, ya yi ta sayen ramukan haƙa yana haɗewa, har a 1888 aka kafa kamfanin De Beers Consolidated Mines. Ernest Oppenheimer ya zama shugabansa a 1929, ya kuma gina tsarin sayarwa ta ƙofa ɗaya a Landan: kamfanin ya sayi ɗanyen dutse daga mahaƙai, ya ajiye, ya riƙa fitar da iya abin da kasuwa za ta sha ba tare da farashi ya faɗi ba. An yi shekaru da dama fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen daimon ɗin duniya yana bi ta hannunsa.

Tsare kaya abu ɗaya ne, samun masu saye wani abu ne daban. Karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta durƙusar da cinikin, don haka a 1938 Harry Oppenheimer, ɗan Ernest, ya nemi kamfanin talla na N. W. Ayer da ke Philadelphia ya farfaɗo da kasuwar Amurka. Dabararsu ba ta tsaya kan sunan wani kanti ba. Sun sa taurarin fim sanya daimon, sun aika wa jaridu labarin zoben da wane ya ba wance, har masu lacca suka tura makarantun sakandare su yi wa 'yan mata bayani. A 1947 wata marubuciyar talla ta kamfanin, Frances Gerety, ta rubuta taken da ma'anarsa ita ce daimon na har abada ne. Taken ya yi amfani biyu: ya ɗaura dutsen da soyayya mai ɗorewa, ya kuma sa sayar da zobe ya zama abin kunya, abin da ya hana tsofaffin duwatsu dawowa kasuwa su karya farashi. A 1999 mujallar Advertising Age ta zaɓe shi a matsayin taken talla mafi fice na ƙarnin.

Maganar cewa ya kamata saurayi ya kashe albashin wata kaza a kan zobe ita ma daga talla ta fito. Da wata ɗaya aka fara, a shekarun 1980 tallar Amurka ta mayar da shi wata biyu, a Japan kuwa wata uku aka yi ta yaɗawa. Japan ce misalin da aka fi kawowa, domin ƙasar ba ta da wannan al'ada. Lokacin da aka fara kamfe a can a 1967, ana ƙiyasta matan da ke samun zoben daimon ba su kai 5 cikin 100 ba, zuwa 1981 sun kai wajen 60 cikin 100.

Ba kowa ya yarda talla kaɗai ce sila ba. Masaniyar shari'a Margaret Brinig ta yi nuni a 1990 cewa tun shekarun 1930 jihohin Amurka suka fara soke dokar da ke ba mace damar kai ƙarar wanda ya fasa aurenta, sai zobe mai tsada ya zama kamar jingina a hannunta.

Yadda ake auna dutsen

Abubuwa huɗu ake dubawa: nauyi, launi, tsabta da yanka. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ita ta yaɗa wannan tsari, ta kuma fitar da ma'aunin da ake bi yanzu a 1953.

Da karat ake auna nauyi. Karat ɗaya miligiram 200 ne, kamar yadda aka daidaita a 1907, ana kuma kasa shi maki 100. Sunan ya samo asali daga ƙwayar wata bishiya ta yankin Bahar Rum wadda 'yan kasuwa suke awo da ita a zamanin da. Zagayayyen dutse mai karat ɗaya faɗinsa kimanin milimita 6.5 ne. Farashi ba ya tafiya daidai da nauyi. Dutse mai karat biyu ya fi ninkin kuɗin mai karat ɗaya nesa, saboda manya sun fi wuyar samu, sannan kuɗin yakan yi tsalle a kan cikakkun lambobi. Shi ya sa masu saye da yawa ke neman mai maki 90 ko 95, wanda ido ba zai bambanta shi da cikakken karat ba.

Launi ana jera shi daga harafin D, marar launi ko kaɗan, zuwa Z, mai ɗan rawaya ko ruwan ƙasa. Da wuya wanda ba gwani ba ya gane bambancin haruffa biyu da ke maƙwabtaka, balle in an riga an ɗora dutsen a zobe. Zinariya mai rawaya takan ɓoye ɗan launin da dutse yake da shi. Daimon mai shuɗi ko ruwan hoda ba ya cikin wannan jeri, ma'auninsa daban ne.

Tsabta ita ce yawan tabo da ɗigon da ke cikin dutsen ko a bayansa, idan aka duba da madubin da ke ƙara girma sau 10. Matakai 11 ne, daga FL marar aibi, sai IF, VVS1, VVS2, VS1, VS2, SI1, SI2, har zuwa I1, I2 da I3 waɗanda ake ganin tabonsu da ido. Mafi yawan duwatsun VS, da wasu na SI1, garau suke a ido.

Yanka shi kaɗai ne aikin hannun mutum a cikin huɗun, kuma dillalai da yawa suna ɗaukarsa mafi muhimmanci, domin shi ke kawo walƙiya. In dutse ya yi zurfi da yawa ko ya yi faifai, hasken da ya shiga sai ya zurare ta ƙasa ko ta gefe maimakon ya dawo wa ido. Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon a Antwerp, ya wallafa lissafin kusurwoyin zagayayyen yanka a 1919, kuma a kan aikinsa aka gina yankan zamani mai fuskoki 57 ko 58. Akwai sauran siffofi, kamar mai kusurwa huɗu, mai siffar ƙwai, mai siffar ɗigon hawaye da mai siffar zuciya, kuma galibi sun fi zagayayye sauƙin kuɗi saboda ba a asarar ɗanyen dutse da yawa wajen fitar da su.

Duk wannan ana rubuta shi a takardar shaida daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, irin su GIA, IGI ko HRD. Sau da yawa ana zana lambar takardar da hasken leza a gefen dutsen, mai saye ya iya gwada ta da wadda ke hannunsa. Ɗakunan gwajin ba su zama ɗaya ba wajen tsanani, dutse guda yana iya samun maki daban a wurare biyu. Takardar ba ta faɗin farashi.

Zoben kansa

Salon da aka fi sani shi ne dutse guda da faratan ƙarfe huɗu ko shida suka ɗaga sama, haske ya shige shi ta ko'ina. Kamfanin Tiffany ne ya fito da mai farata shida a 1886. Akwai wanda ake zagaye dutsen da bakin ƙarfe, ya fi kare shi ga mai aikin hannu, da wanda ake kewaye shi da ƙanana don ya ƙara girma a ido. Karat ɗin zinariya daban yake da na daimon, tsantsa yake nunawa: 18 na nufin kashi 75 cikin 100 zinariya ce, 14 kuwa kimanin kashi 58. Farar zinariya ana shafe ta da rodiyam, shafen yakan goge a sake. Taurin daimon yana hana shi karcewa ne kawai, bugu a kan gaɓa yana iya ɓantare shi.

Daimon ɗin masana'anta

Kamfanin General Electric ya haɗa daimon a ɗakin gwaji a 1954, amma an ɗauki shekaru kafin a samu mai kyan da za a sa a zobe da araha. Hanyoyi biyu ake bi: matsi da zafi mai tsanani, ko tara kabon daga iskar gas a kan ɗan ƙwayar daimon. Sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da na haƙa, sai da na'ura ake rarrabewa. A 2018 De Beers ya shiga kasuwar da tambarin Lightbox a kan dala 800 kowane karat, a 2025 ya sanar da rufe shi bayan farashin ya ci gaba da zubewa. Duwatsun da ake kira moissanite da zirkoniya kama kawai suke yi da daimon, sinadarinsu daban ne.

Takaddama

An yi amfani da kuɗin daimon wajen sayen makamai a yaƙe-yaƙen Saliyo, Angola da Kwango a shekarun 1990. Tsarin Kimberley na shaidar asalin ɗanyen dutse ya fara aiki a 2003. Masu suka sun ce ma'anar da ya ba daimon ɗin rikici ta yi ƙunci, domin ta tsaya kan 'yan tawaye, kuma ƙungiyar fafutuka ta Global Witness ta fice daga cikinsa a 2011, musamman kan wuraren haƙar Marange a Zimbabuwe. Ƙasashen G7 sun hana shigo da daimon ɗin Rasha daga Janairun 2024. Ana kuma jayayya kan ɗaukar zoben a matsayin ajiyar dukiya, domin mai sayar da nasa yakan samu ƙasa sosai da abin da ya biya.

Idan baiko ya lalace

A yawancin jihohin Amurka kotuna na ɗaukar zoben kyauta ce mai sharaɗi, in ba a yi auren ba ya koma ga wanda ya saya. A Ingila da Wales, dokar 1970 ta ɗauke shi kyauta ce tsantsa, sai in an nuna an ba da shi ne da sharaɗin mayarwa.