Ma'anar U Biza: Takardar Zaman Da Amurka Ke Ba Wanda Aka Zalunta

A cikin 'yan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx a birnin New York, ko 'yan Nijar da ke Greensboro a jihar North Carolina, idan aka ce wane "ya samu takarda", abin da ke zuwa ran mutane shi ne aure, ko cacar biza, ko neman mafaka. Akwai wata ƙofa da ba a cika zancenta a majalisa ba, don ba a shiga ta cikinta sai an sha wuya tukuna. Sunanta U biza.

Harafin U ba gajarta wata kalma ba ne. Dokar shige da fice ta Amurka ta jera nau'o'in izinin zama na wucin gadi ne da haruffa: B na masu ziyara, F na ɗalibai, har aka gangaro kan T da U. Kalmar biza ma tana ɗan ruɗarwa, domin yawancin masu nemanta suna cikin ƙasar tuni. Abin da ake ba su matsayi ne na zama bisa doka na tsawon shekara 4, tare da izinin aiki. Wanda ya cika shekara 3 a jere a kan wannan matsayi yana iya neman girin kad, wato zama na dindindin.

Majalisar dokokin Amurka ce ta ƙirƙiro ta a shekarar 2000, cikin dokar kare waɗanda aka yi fataucinsu ko aka ci zarafinsu, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Oktoba. Sai dai ƙa'idojin aiki da ita ba su fito ba sai 2007. Tun daga haihuwarta ke nan jira ya zama halinta.

Kada a ɗauka tausayi kaɗai ya haife ta. 'Yan sanda sun daɗe da lura cewa marar takarda ba ya kai ƙara. A doke shi, a yi wa 'yarsa fyaɗe, mai gidan da take aiki ya kulle ta ya ƙwace fasfo, duk sai a haɗiye, don kada garin neman gira a rasa ido. Azzalumi ya san haka, shi ya sa yake zaɓar irin waɗannan mutane, kuma barazanarsa ɗaya ce: "ka yi magana in kira maka imigireshan." Laifin da ba shaida kuwa ba ya zuwa kotu. Don haka U biza ciniki ce tsakanin hukuma da wanda aka cuta: ka taimaka mana mu kama mai laifi, mu kuma mu ɗauke maka fargabar kora.

Ba kowane laifi ne ke buɗe wannan ƙofa ba. Dokar ta lissafa su: dukan iyali, fyaɗe da sauran cin zarafi ta hanyar lalata, garkuwa da mutum, tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, azabtarwa, fataucin mutane, bautarwa, karɓar kuɗi ta hanyar barazana, kisan kai, mummunan hari irin wanda ake kai wa da makami, kaciyar mata, tsoratar da shaida, da wasu kaɗan. A 2013 aka ƙara bibiyar mutum don firgita shi, da yaudarar ma'aikata da aka ɗauko daga ƙasashen waje. Abin da ke ba direbobin tasi da masu kai saƙon abinci mamaki shi ne fashi ba ya cikin jerin da sunansa. Idan an yanke maka aljihu, ba ka da hanya. Idan kuwa an ɗora maka bindiga ko an ji maka ciwo, lauya zai iya shigar da maganar ƙarƙashin mummunan hari. Sannan dole laifin ya faru a Amurka ko ya keta dokarta, kuma dole mutum ya nuna ya cutu sosai, a jiki ko a zuciya.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ƙashin bayan al'amarin takarda ɗaya ce da ake haɗawa da fom ɗin neman U biza, wato I-918, ana kiranta ƙari na B. A cikinta wani jami'i, shugaban 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara ko alƙali ko jami'in hukumar ƙwadago ko ta kare yara, zai sa hannu cewa wannan mutum ya ba da haɗin kai, ko yana bayarwa, ko akwai alamar zai bayar. Ba a buƙatar a ce an kama mai laifin, balle a ɗaure shi. Amma in babu wannan sa hannu, hukumar USCIS, mai ba da takardun zama a Amurka, ba za ta ba da U biza ba, komai munin raunin. Sa hannun kuma wata 6 kacal yake yi, dole a miƙa takardu kafin ya mutu. Mafi ciwo shi ne dokar tarayya ba ta tilasta wa jami'i ya sa hannun ba. Jihar Kalifoniya da wasu jihohi sun yi nasu dokokin da suka ɗaure jami'ansu su amsa cikin ƙayyadadden lokaci, amma a wani gari sai mutum ya tarar da ofishin da bai taɓa sa wa kowa hannu ba. Mutum biyu, laifi iri ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, don kawai inda abin ya same su.

A nan ne al'adarmu ke karo da dokarsu. Mu mutane ne masu son rufin asiri. Mace ta sha duka a hannun miji, sai a kai magana gaban liman ko shugaban al'umma, a ce "ki yi haƙuri, 'yar nan, kada ki kai ɗan'uwanki hannun Turawa." Ban raina sulhu ba, ya gyara gidaje da yawa. Amma sulhun da aka yi a masallaci ba ya barin lambar rahoto, ba ya barin takardar asibiti. Ranar da abin ya fi ƙarfinta ta je wurin lauya, tambayar farko ita ce, kin kira 'yan sanda? Haka kuma wadda ta kai ƙara sannan dangi suka matsa mata ta daina ɗaukar wayar mai bincike, tana iya rasa damar, domin haɗin kan ba na rana ɗaya ba ne, ana duba shi har lokacin neman girin kad.

Iyali ma suna shiga. Wanda ya kai shekara 21 zai iya haɗawa da mata ko miji da 'ya'ya. Wanda bai kai ba kuwa, zai iya ƙarawa da iyayensa da ƙannen da ba su yi aure ba kuma ba su kai 18 ba. Wanda ya aikata laifin dai ba ya cin moriya, ko da shi ne mijin.

Sai maganar jira. Doka ta ƙayyade 10,000 a shekara ga masu nema na asali, ban da iyalansu, kuma tun 2010 ba shekarar da wannan adadi bai cika ba. Masu jira na asali sun haura 200,000. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Don rage raɗaɗin, a watan Yunin 2021 aka fito da tsarin duba takardu sama-sama: idan an ga neman na gaskiya ne, sai a ba mutum izinin aiki na shekara 4 tare da jinkirta korarsa, yana kan layi. Fom ɗin kansa ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya ce a kawo masa "kuɗin U biza" na hukuma, a dube shi da kyau.

Inda zuma take kuwa ba a rasa ƙuda. An gurfanar da mutane a Massachusetts da Chicago bisa zargin shirya fashin ƙarya a shaguna don a samu wannan takarda, a 2025 kuma aka tuhumi wasu shugabannin 'yan sanda a Louisiana da sayar da rahoton bogi. Kowane irin wannan labari yana ƙara wa jami'ai nauyin hannu a kan mai gaskiya.

Kada a haɗa ta da 'yan'uwanta biyu. T biza ta waɗanda aka yi fataucinsu ce kaɗai, 5,000 a shekara, kuma ba lallai sai da sa hannun jami'i ba. Dokar VAWA ta 1994 kuma, wato dokar hana cin zarafin mata, ta ba wanda ke auren ɗan ƙasa ko mai girin kad damar neman takarda da kansa in ana zaluntarsa, ba sai ya kai ƙara ba. Idan mijin ma ba shi da takarda, VAWA ba ta aiki, sai U biza.

Miƙa takardu kaɗai ba ya zama garkuwa. A 2021 hukumar ICE, mai kamawa da korar marasa takarda, ta umarci jami'anta su ɗaga ƙafa ga masu irin wannan nema, amma a farkon 2025, bayan dawowar Donald Trump, aka janye umarnin. Dokar ta 2000 tana nan, adadin 10,000 ma bai motsa ba, kuma majalisa ce kaɗai ke da ikon taɓa shi.